Binciken Baffa Haliru da Faifai Na Huɗu

A unguwar Hausawa ta New Bell, a birnin Duwala, idan saurayi ya aiko neman aure ba a amsa masa nan take. Sai a ce ya dawo bayan mako biyu, a tura mutum ya binciko halinsa. Mai binciken kuma ba ya faɗin abin da ya gano. Idan ya ce "Alhamdu lillahi," a sa rana. Idan ya ce "akwai magana," a mayar da goro, kuma babu mai tambayarsa wace magana ce. Manya sun ce an tsara haka ne don a rufa wa ɗan mutane asiri. A aikace, rufin asirin yana nufin unguwa ta ƙirƙiro wa yaron laifi goma a madadin guda ɗaya.

A gidan Alhaji Awalu mai shagon atamfa, wannan aiki na ƙaninsa Haliru ne. Dalili na farko sana'arsa: shekara talatin yana fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya saba ganin kwantenar da takardarta ta ce taliya, a buɗe a tarar da tayoyi. Bincike goma sha ɗaya ya yi wa dangi, ya rushe uku, kuma duk ukun daga baya halinsu ya fito fili ba tare da ya buɗe baki ba.

Dalili na biyu ibada. Kullum da yamma, a cunkoson hanyar dawowa daga tasha, ana ganinsa cikin tsohuwar motarsa, gilasai a rufe ruf, yana kaɗa kai gaba da baya, leɓɓansa na motsi, wani lokaci har yana dukan sitiyari da tafin hannu. 'Yan bensikin na unguwa, masu ɗaukar fasinja a babur, su suka kai labari gida cewa Malam Haliru ba ya ɓata ko minti ɗaya, ko a cunkoso lazimi yake. Mata suka fara aiko masa da 'ya'yansu ya tofa musu addu'a kafin jarrabawa. Yakan tofa. Addu'a ai ba ta da laifi.

Abin da yake yi a motar shi ne sauraron kiɗan pank, wani kiɗan Turawa mai ihu da hayaniya.

A shekarar 1993 wani matuƙin jirgi Bafaranshe da Haliru ya taimaka wa ya gano takardunsa ya ba shi tukuicin kaset guda, mai baƙin bango. Faifan farko ne na wasu samari huɗu daga wani garin bakin teku a arewacin Faransa, da suka sa wa kansu suna Les Tuyaux Crevés, wato fasassun tiyo. Waƙa goma sha ɗaya, minti goma sha tara gaba ɗaya. A garejin kawun mai ganga aka ɗauka. Mai jita igiya uku kawai ya sani, mawaƙin kuma ihu yake yi kan aikin da babu, da haya, da manyan da ke murmushi a talabijin. A tsakiyar waƙa ta bakwai ana jin kare yana haushi, ana jin wani yana zagin karen, kuma ba su goge ba. Haliru yana da shekara ashirin da huɗu a lokacin, da digirin tattalin arziki daga Yawunde da babu wanda ya nemi ya gani. Ya saurara sau ɗaya ya ji kamar an buɗe masa taga.

Faifai na biyu da na uku ya yi musu uzuri. Na huɗu, mai shuɗin bango, shi ne cin amanar. Babban kamfani ya ɗauke su, aka shigo da piyano, aka shigo da gogen Turawa, mawaƙin ya je ya koyi waƙa wurin malami. Haliru ya ji shi sau ɗaya, ya tsaya a kan gadar Bonaberi ya jefa shi cikin kogin Wuri. Tun daga nan bai sami wanda zai yi wannan magana da shi ba, in ban da wani tsohon ma'aikacin gidan waya a Beljik da suke zagin juna a intanet cikin ladabi tun 2009. Motar kuwa ya ƙi sayar da ita duk da gorin matarsa, don ita kaɗai ta rage mai cin kaset.

Bincike na goma sha biyu na Nana Hadiza ne, babbar 'yar Alhaji Awalu, malamar lissafi a wata sakandare, mai shekara ashirin da tara da ta kori manema shida da kanta ba tare da an wahalar da Baffanta ba. Wannan karon ita ta kawo mutumin: Hayatu, ɗan mutanen Ngaundere, mai gyaran injin sanyi na kwantenonin kifi. An tsayar cewa danginsa za su kawo goro ranar Asabar ta sama idan bincike ya yi kyau.

Binciken ya yi kyau har ya fara ba Haliru haushi. Mai gidan haya ya ce yaron shi ke gyara famfon tsakar gida. Liman ya san fuskarsa da asuba. Abokan aikinsa sun yi ta tunani kafin ɗaya ya tuno cewa yana yawan cin barkono. Haliru ya san kwantenar da takardunta suka cika daidai fiye da kima ita ake buɗewa, don haka ya koma ga dabararsa ta ƙarshe, wadda ta kama biyu daga cikin ukun da ya rushe: ya shiga motar saurayi ba zato. Mutum yana iya gyara fuskarsa da tufafinsa, amma ba ya tuna abin da ya bari a aljihun mota.

Ranar Laraba da rana, ana ruwa irin na watan Agusta, ya tsaya a bakin Kasuwar Dakar inda ya san Hayatu na zuwa sayen kayan gyara, ya yi kamar mai jiran tasi.

"Baba! Ku ne a cikin ruwan nan? Ku shigo, don Allah."

"A'a, kada in karkatar da kai."

"Wane irin karkatarwa, Baba? Bismillah."

Haliru ya shiga, idonsa ya zaga. Darduma a ninke, akwatin sifana, robar ruwa, ɓawon gyaɗa. Hayatu ya murɗa makulli. Wayarsa ta haɗu da rediyon motar da kanta, sai piyano ya cika motar, a hankali, da gogen Turawa a bayansa, sannan wata murya da Haliru ya sani kamar muryar ɗan'uwan da ya ci masa gado.

Hayatu ya kai hannu da sauri. "Pardon, Baba, pardon. Wayar ce."

"Bar shi," in ji Haliru. "Mene ne wannan?"

"Wasu Turawa ne, Baba. Tsofaffi ne ma yanzu. Ba abin da zai dame ku ba ne."

"Ina tambaya ne in ƙaru. Mu ba mu san waɗannan abubuwa ba."

Hayatu ya saki jiki. Kowane masoyin kiɗa yana jiran ranar da wani babba zai ce yana so ya ƙaru.

"Faifansu na huɗu ke nan. Shi ne gwaninsu, Baba, babu tantama. A nan suka zama mawaƙa."

"To. Kafin nan su mene ne?"

"Yara ne masu hayaniya." Ya yi dariya yana kauce wa wani rami. "Akwai na farkonsu da wasu tsofaffi ke yabo a intanet kamar saukakken littafi. Na saurara, wallahi. Kamar an zuba cokula a injin markaɗe. Har kare ake ji yana haushi a ciki, ba su ma iya gogewa ba."

"Ba su iya ba."

"Ba su iya ba, Baba. Masu yabon nan kuruciyarsu suke yabo, ba kiɗan ba."

"Sauke ni nan."

"Nan? Baba, ruwa ake, kuma ba mu kai..."

"Ina da wanda zan gani."

Babu kowa a wurin sai mai gasa masara da ta fake ƙarƙashin lema. Haliru ya tsaya kusa da ita, ruwa na shiga takalmansa, har motar ta ɓace.

Da la'asar ya sami yayansa a shago. Alhaji Awalu yana auna wa wata mata yadi shida, ya ɗago da fara'a.

"Yaya," in ji Haliru, "akwai magana."

Almakashin ya tsaya a tsakiyar atamfar.

Kafin Juma'a unguwa ta gama aikinta. A wurin mai shayi an ce giya ce. A wurin masu kitso an ce yana da mata da 'ya'ya biyu a Kumba. Wani direban tirela ya rantse ya taɓa ganin mai kama da shi a caca. Mai gidan haya, wanda ya yabe shi ranar Litinin, ya fara tuno cewa famfon ma tun da yaron ya gyara yake ɗiga. Babu wanda ya yi shakka, domin Malam Haliru ne ya faɗa, mutumin da ko a cunkoso bakinsa bai bar ambaton Allah ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci Nana Hadiza ta shigo ofishinsa, wani ɗan ɗaki a saman shagon tayoyi. Ta gaishe shi har ƙasa, ta tambayi lafiyar matarsa, wadda take kira Inna, da yara, ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

"Baffa, na tambayi Hayatu abin da ya faru a mota. Ya ba ni labari tun daga Kasuwar Dakar har inda kuka sauka. Shi bai gane komai ba. Har yanzu yana zaton ɓawon gyaɗar ne."

"Ba a tambayar mai bincike, Hadiza. Kin san al'ada."

"Ban tambaye ku ba. Na zo gaya muku ne." Ta dubi silin kamar mai tuno darasi. "Waƙa ta bakwai. Bayan karen ya yi haushi sau uku, sai mai ganga ya ce a rufe masa baki, sai a sake farawa daga sama."

Haliru ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa ya gaya miki?"

"Ku. Shekara shida kuna kai ni firamare a motar nan. Kun ɗauka yarinya 'yar shekara bakwai kujera ce." Ta yi murmushi. "Da na girma na nemo sauran. Ni na tura wa Hayatu na huɗun."

Wannan ya fi ruwan Laraba sanyi. Haliru ya koma kujerarsa a hankali.

"Ke? Jinina?"

"Waƙa ta uku a cikinsa ta fi duk abin da suka taɓa yi."

"Waƙa ta uku talla ce ta sabulu! Hadiza, saurara. Ba maganar kiɗa ba ce, maganar hali ce. Mutanen nan suna da gaskiya a bakinsu, aka nuna musu kuɗi da ɗakin ɗauka mai kafet, suka goge ta. Wanda ya ji wannan ya ce ya fi, to shi mai son abu mai sheƙi ne. Yau yana son ki don kina sheƙi. Ranar da kare ya yi haushi a cikin aurenku fa? Zai ce a goge."

"Kun daɗe kuna shirya wannan jawabin."

"Tun Laraba."

"To ni ma ga nawa. Mutanen nan na faifan farko, me ya sa kuke son su?"

"Don ba su ɓoye komai ba. Yadda suke haka suka fito."

"Voilà. Ku kuma shekara talatin gilas a rufe. Babbar riga da sitati, sahun farko, yara na zuwa a tofa musu. An goge karen tas. Baffa, duk New Bell babu faifai na huɗu kamarku."

Ƙasa, mai tayoyi yana buga ƙarfe. A shekara goma sha biyar na zage-zage, mutumin Beljik bai taɓa yi masa irin wannan ba.

"Na je wurin Adda," in ji ta tana miƙewa. "Ta ce a taru ranar Lahadi bayan azahar. Idan kun ce kuskure kuka yi kawai, unguwa za ta ce an roƙe ku ne kuka rufa masa asiri, matar Kumba ta zauna a kansa har ya mutu. Sai dai ku faɗi maganar da bakinku. Ni ba zan faɗa ba, asirinku ne. Ina gaida Inna."

Adda Zainabu ita ce babbar yayarsu, shekararta saba'in da takwas, kuma ita kaɗai al'ada ba ta hana tambaya ba, saboda babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin gaya mata cewa ta hana. Ranar Lahadi falonta ya cika: Alhaji Awalu, kawunnai biyu na Hayatu da suka zo da fuskar masu zuwa ta'aziyya, Hayatu a ƙasa kusa da ƙofa ya rame cikin kwana huɗu, Nana Hadiza da mata a bakin labule. Tagogin kuma a buɗe suke, wai don zafi, kuma maƙwabta da yawa sun tuna suna da shanya a wannan gefen.

Haliru ya shigo a ƙarshe, ɗauke da tsohuwar rediyo mai kaset da ya aro wurin mai gyara.

"Halirun Inna," in ji Adda, wadda ba ta taɓa yarda ya girma ba. "An ce kana da magana. Yaron nan ya sha ne?"

"Bai sha ba, Adda."

"Mata?"

"Babu."

"Sata? Caca? Ya zagi wani?"

Haliru ya yi jim a kan ta ƙarshen. "Babu ko ɗaya. Na bincika ko'ina. Ban taɓa ganin takarda mai tsabta irin tasa ba."

"To mece ce maganar?"

Ya ajiye rediyon a kan tebur, ya ciro kaset ɗin daga aljihun babbar riga. Baƙin bangon ya koɗe ya koma ruwan toka. Ya danna.

Abin da ya fito ya sa ɗaya daga cikin kawunnan ya ce "A'uzu billahi" ya janye ƙafafunsa. Wata jaririya ta fashe da kuka a bayan labule. Haliru ya yi niyyar tsayawa ƙiƙam kamar mai gabatar da shaida a gaban jami'an kwastan, amma jiki yana da nasa sabo. Kafin rabin minti kansa ya fara zuwa gaba da baya, leɓɓansa suka kama motsi, tafin hannunsa ya sami gefen tebur.

Alhaji Awalu ya zuba masa ido. Ya san wannan kaɗa kan. Duk unguwa ta san shi.

"Haliru," ya ce da ƙarfi don ya rinjayi gangar. "Lazimin ke nan?"

Haliru ya kashe rediyon. "Shi ke nan, Yaya."

"Na tura 'ya'yana su tsaya a bakin titi su ga yadda ake ibada!"

"Ban taɓa cewa lazimi nake ba."

"Ba ka taɓa cewa ba shi kake ba!"

A waje an ji wani ya saki dariya, aka ce masa ya yi shiru.

Sai Haliru ya yi bayani, a tsaye, tun daga matuƙin jirgi har gadar Bonaberi, har abin da aka faɗa a mota ranar Laraba. Ya yi maganar gareji da igiya uku da kare. Shekara talatin maganar na cikinsa, ta fito da tsari kamar huɗuba. Hayatu ya saurara baki buɗe, kuma a daidai wurin cokula da injin markaɗe ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

"Bari in gane," in ji babban kawun Hayatu, cikin Hausarsa mai ɗanɗanon Fulatanci. "Mun kwana huɗu ba mu ci abinci ba. Uwarsa tana kuka a waya daga Ngaundere. Saboda kare?"

"Ba karen kaɗai ba."

"Kai, yaro," in ji Adda. "Sa naka mu ji."

Hayatu ya laluba wayarsa. Piyano ya shigo falon a hankali. Adda ta saurara ido a rufe, minti ɗaya, biyu, huɗu. Waƙar ba ta da niyyar ƙarewa.

"Wannan nawa ne tsawonsa duka?"

"Awa ɗaya da minti goma, Adda."

"Na Haliru fa?"

"Minti goma sha tara," in ji Haliru.

"To na Haliru ya fi. An fi saurin hutawa."

Haliru ya gyara tsayuwa kamar wanda kotun ƙoli ta wanke.

Alhaji Awalu, wanda yake ɗan kasuwa ne kuma ya ga hanyar rufe ciniki, ya sunkuya wajen Hayatu. Ya yi raɗa, irin raɗar da ake ji har tsakar gida. "Ɗana, ka ji. Ce masa nasa ya fi, a wuce wurin. Kalma ɗaya ce."

"Faɗa mana," in ji kawun. "Ce baƙin ya fi. Ni ma na ce baƙin ya fi. Kowa ya ce baƙin ya fi."

Hayatu ya dubi labule, inda gefen mayafin Nana Hadiza yake. Ya dubi kawunnansa.

"Baba," ya ce wa Haliru, kansa a ƙasa. "Ku gafarce ni kan maganar cokula, ban san da wa nake magana ba. Rashin kunya ce. Kuma Allah ya sani ina son 'yarku." Ya ja numfashi. "Amma na huɗun ya fi."

"Innalillahi," in ji kawun. "Wannan taurin kan na wajen uwarsa ne."

"Mai gangar na farkon yana gudu ya bar sauran a baya, Baba. Tun daga waƙa ta biyu. Ba zan iya cewa ban ji ba."

"Da gangan yake yi!"

"Ko da gangan ne, gudu ne."

Haliru ya daɗe yana kallonsa. Yaro ne zaune a ƙasa, a gaban manya biyar da rabin unguwa a taga, aurensa a tafin hannun mutumin da yake musu da shi, an ba shi ƙarya ƙarama kyauta ya ƙi karɓa. Haliru ya nemi wani a cikin sanannunsa da zai iya haka, har da mai sanye da babbar rigarsa, bai samu ba. Abin ya ba shi haushi ƙwarai.

Ya zare kaset ɗin, ya mayar aljihu.

"Yaya, yaron nan ba shi da kunne. Wannan ba ya gyaruwa, kuma 'yarka ma haka take, don haka babu wanda aka cuta." Ya juya wajen taga ya ɗaga murya don masu shanya. "Amma ba ya sha, ba shi da kowa a Kumba, kuma ba ya ƙarya ko an roƙe shi. Alhamdu lillahi. A sa rana."

Guɗa ta tashi daga bayan labule. Adda ta ce a kawo goron, a kuma fitar mata da rediyon nan daga gida.

An ɗaura aure bayan wata biyu. Mata sun daina aiko da yara a tofa musu, abin da Haliru ya ce ya rage masa aiki, ko da yake matarsa ta lura ya yi mako guda yana duban ƙofa a lokacin jarrabawa. Sahun farko kuwa babu wanda ya hana shi. Liman dai ya ce masa, cikin sakin fuska, idan ya ga dama ya riƙa yin na gaskiyar ma, tunda kan ya riga ya saba.

Binciken aure kuwa ba a karɓe masa ba. Ƙaruwa ma ya yi, don an ce mutumin da zai tona kansa a gaban Adda Zainabu ba zai rufe wa kowa ba. Illar ita ce samarin New Bell sun ɗauki darasin da bai koyar ba. Duk mai niyyar aure ya sauke faifan farko a wayarsa. Ana jin sa a shagon aski, ana jin sa a wurin wankin babura. Saurayi na goma sha uku, da Haliru ya shiga motarsa ba zato, ya riga ya saita waƙa ta bakwai, kuma da karen ya yi haushi ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, wannan karen, gaskiya ke nan tsagwaronta."

Haliru ya rubuta wa mutumin Beljik cewa an lalata faifan, yanzu kowa na son sa.

Ranar wata Talata a cunkoson hanyar tasha, wani ɗan bensikin ya ratso ta gefen tsohuwar motar. Gilasai a sauke suke yanzu, tun bayan taron. Amma yau an ɗage su ruf, kuma Malam Haliru ba ya kaɗa kai. Yana zaune shiru, waya a manne da kunnensa, da fuskar mai shan magani. Ɗan bensikin ya ƙwanƙwasa gilas don ya gaishe shi. Haliru ya firgita, ya kife wayar a cinya, ya sauke gilas da ɗan yatsa biyu.

"Baba, kamar piyano nake ji."

"Bincike nake," in ji Haliru, ya ɗage gilas ɗin, ya mayar da waƙa ta uku farko.